An yanke sifirin, an sa rim mai inci 18, yanzu taya na cinyewa ta ciki: ina gyaran yake?

Tambaya: "Assalamu alaikum Oga. Ni matashi ne a nan Birnin Kebbi, ina da Honda Accord EOD ta 2004. Bayan ƙaramar Sallah na sa aka yanke mata sifirin ƙafa huɗu don ta zauna ƙasa, na cire rim ɗinta na asali mai inci 16 na sa na ado mai inci 18 da taya 225/40. Wallahi ta yi kyau. Amma ko wata uku ba a yi ba tayoyin suka cinye ta ciki, na baya har waya ta fara leƙowa. Sitiyari ya karkace, tana ja dama, in na kai gudu 100 sai ta kama rawa, in na ɗauki mutane a baya kuma taya ta riƙa gogar bodi. Sau biyu ina kai ta alaimen na kwamfuta, ba ta canza zani ba. Mai alaimen ya ce kamba ce, kuma motar ba ta da wurin ɗaure kamba. Mene ne mafita ba tare da na mayar da ita yadda take da ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka, abu biyu kake so a lokaci guda: motar ta ci gaba da zama ƙasa da adonta, kuma ta daina cin taya, ta miƙe a kan titi. Yana yiwuwa, amma ba da sifirin ɗin da aka yanka ba, kuma ba a kan gadon alaimen za a fara ba. Abin da ka lissafa mini ba ciwo ɗaya ba ne. Na ƙirga huɗu, kowanne da tushensa, kuma kwamfutar da ka je wa sau biyu ɗaya kawai take iya taɓawa a cikinsu. Mai alaimen ɗinka bai yi maka ƙarya ba, rabin maganar ya faɗa maka. Ni ma ban ga motar ba, ban sa hannu a ƙafarta ba, don haka abin da zan faɗa na gina shi ne a kan yadda aka ƙera irin wannan motar da kuma ire-irenta da suka shigo garejina.

Kusurwa uku da ake aunawa

Taya ba a tsaye take ƙyam kamar turmi ba. Ta farko ita ce kamba (ba Kamba ta Dandi ba, kada ka kama hanyar boda). In ka tsaya a gaban mota ka ga kan tayar ya kwanta ciki wajen injin, gindinta ya buɗe waje, wannan ita ce kambar da kwamfuta ke rubuta wa alamar ragi. Ta biyu kasta, wato yadda sandar da taya ke juyawa a kanta ta jingina baya, irin jinginar ƙafar gaban babur. Ita ke mayar da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana. Ta uku ita ce to-in da to-awut: ka dubi ƙafafunka, in manyan yatsun sun dubi juna to-in ke nan, in sun buɗe irin tafiyar agwagwa to-awut ke nan.

A irin motarka kamfani ya ajiye kambar gaba kusan a sifili, ta baya ta kwanta ciki kusan digiri 1. Tayoyin gaba a miƙe suke sak, na baya kuma da ɗan to-in na kusan milimita 2. Duk waɗannan lambobin an ajiye su ne a kan tsayin da motar ta fito da shi. Da ka taɓa tsayin, duk sun motsa tare.

Dalili shi ne ƙafar EOD hannu biyu gare ta a gaba, na sama gajere, na ƙasa dogo, baya kuma hannuwa biyar ne a kowane gefe. An yi haka da gangan don in mota ta kwanta a kwana, tayar waje ta ƙara kwantawa ciki ta riƙe titi da faɗinta. To kai yanzu ka sa motar a wannan halin dindindin. Ko a ajiye take a ƙofar gida, ƙafarta ji take kamar an danne ta a tsakiyar kwana. A abin da na saba aunawa, duk inci ɗaya da aka sauke irin wannan ƙafar yana ƙara kamba abin da ya kusa digiri ɗaya. Masu yankan sifirin kuwa ba kasafai suke tsayawa a inci ɗaya ba. In aka sauke ta inci biyu da rabi, kambar baya na iya kaiwa digiri 3, ka ga motar daga baya kamar mai gwame.

Wanda ke cin tayar da gaske

Nan ne na rabu da mai alaimen ɗinka. Kamba tana nuna wa titi inda zai ci, amma to-awut ne ke sa shi ci da sauri. Tayar da ta kwanta digiri 2 amma tana kallon gaba sak za ta cinye ta ciki, sai dai a hankali, za ka mori kuɗinka. Tayar da bakinta ya kauce kuwa ba birgima kawai take yi ba, jan ta ake yi a kaikaice. Yi lissafin da kanka: in taya ta kauce rabin digiri kacal, a kowace kilomita ɗaya ana jan ta gefe kusan mita 9. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu kusan kilomita 150 ne. Ke nan zuwa ɗaya ka goga tayar a kan kwalta fiye da kilomita guda, kamar mai wasa wuƙa a dutse, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Haɗa wannan da kambar da ta tara duk nauyin a gefen ciki, ka ga waya a wata uku ba abin mamaki ba ne.

Za ka iya gane wanda ya fi laifi da tafin hannunka. Shafa tayar daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. In ta yi sumul ta ɗaya ɓangaren amma ta ɗayan tana kama hannu kamar haƙoran zarto, to-in ko to-awut ne. In gefen ciki ya cinye sumul, ya gangara kamar an fere shi, kamba ce ta fi yawa. In kuma ka ji kwari da tudu, kwari da tudu a zagayen tayar, shokozoba ce ta mutu tana barin tayar tana tsalle. Ina kyautata zaton za ka sami biyu daga cikin ukun, ko ma duka.

Za ka ce ai sau biyu aka saita. Tambayar ita ce me aka saita. Yawancin wuraren da na sani, yaro zai maƙala na'ura a taya huɗu, ya shiga ƙasa ya juya tayarod na gaba har allon ya yi kore, ya ce an gama. Baya ba wanda ya taɓa. Alhali motarka tana da kusar saita to-in a baya, kusa ce mai ciki a karkace a jikin ɗaya daga cikin hannuwan, kuma da ita ake farawa. Baya ne ke nuna wa mota alƙibla. In tayoyin baya suna tura ta gefe, dole ka karkata sitiyari kafin ta miƙe, ko da gaba ya yi kore shar.

Na taɓa faɗawa wannan ramin da kaina, shekarun baya, a kan motar wani yaro ɗan makaranta irin taka. Na ga kamba na ce ita ce, na sa ya yi odar hannuwa daga Legas, muka jira kusan mako biyu, muka ɗaura, ya sayi taya. Wata biyu ya dawo da taya ɗaya ta baya a cinye. Ashe kusar to-in ta wannan gefen ta yi tsatsa ta manne da ƙarfen cikin bushin, wato robar da ke cikin hannun ƙafar. In na juya ta sai robar ta murɗe, allon ya nuna daidai, yana hawa titi ya faɗa rami biyu sai ta koma gidan jiya. Sai da muka yanke kusar muka canza hannun. Tayar nan ni na biya rabin kuɗinta, kuma tun daga ranar ba na yarda da kore sai na girgiza motar na sake dubawa.

Akwai kuma wani sakaci da ake yi a gaban kwamfutar. Accord ta 2004 iri biyu ce, ta Amurka wadda muke kira EOD da ta Turai wadda ta fi ta ƙanƙanta, kuma lambobinsu ba ɗaya ba ne. Ka tsaya ka ga wadda aka zaɓa a allon.

Sifirin da aka yanka

Wannan shi ne tushen, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa ganin yankan da ya yi kyau a ƙarshe ba. Sifirin in aka rage masa zagaye yana ƙara tauri, gaskiya ne, amma ɗan taurin bai kai ya rama tazarar da aka ƙwace masa ba. Da can ƙafar tana da filin da za ta nutse in ta faɗa rami. Yanzu ta cinye rabin filin tun tana ajiye, sauran kuma mutum uku a kujerar baya da buhun shinkafa ɗaya a but sun gama da shi. Daga nan sai motar ta zauna a kan robar da ke tare shokozoba, duk dukan da titi ya yi ya wuce kai tsaye cikin bodi, boljoyin da boris. Shokozobar asali ba a yi ta don ta yi aiki a can ƙasa ba, shi ya sa ba ta daɗewa take fara zubar da mai.

Sannan yaya aka yanka? In da giranda ne, da sauƙi. In da wutar mai walda ne, ko aka gasa shi aka danne motar har ta zauna, to ƙarfen ya saki, zai ci gaba da lotsawa wata bayan wata, kuma kowanne da nasa saurin. Alaimen ɗin da aka yi yau ba zai kai wata ba ya tashi daga aiki, don tsayin da aka saita a kansa ya canza. Kuma wa ya auna? An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kimar ba ta wadatar. Bambancin rubu'in zagaye tsakanin hagu da dama ya isa ya sa gefe ɗaya ya fi zama, kambar gefen biyu ta bambanta, mota kuma tana ja ne wajen tayar da ta fi miƙewa tsaye. Ina zargin jan daman da kake ji daga nan yake.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakin sifirin. Kamfani ya lanƙwasa ƙarshensa don ya zauna daram a mazauninsa. In aka yanke, sai ya zauna a kan tsini. In ya gajarce da yawa kuma, lokacin da tayar ta rataya, misali ka tashi a kan tudun rage gudu da sauri, sai ya yi sako-sako ya goce. Ɗaga motar a jak har tayar ta bar ƙasa, ka kama sifirin da hannu. In ya motsa, kada ka hau babban titi da ita.

Wani abu da kusan kowa ke mantawa: bushin. Robar da ke cikin hannuwan ƙafa ba juyawa take yi a kan kusa ba, murɗewa take yi. Ana ɗaure kusoshinta ne motar na tsaye a kan tayoyinta, don robar ta huta a wannan tsayin. In aka sauke mota ba a sassauta su an sake ɗaurewa ba, ko aka ɗaure su tana rataye a jak, robar a murɗe za ta kwana ta tashi har ta yage. Bushin ɗin da ya yage kuwa ba ya riƙe saiti. Aikin minti talatin ne, ba ya cin ko sisi na kaya.

Rim ɗin da kansa

Cire ɗaya ka juya bayansa, za ka ga an buga lambobi a jikin ƙarfen. Ba ka faɗa mini naka ba, amma waɗanda aka fi kawowa kasuwa za ka ga wani abu kamar 18x8 da ET35. Na farko faɗi ne, inci 8. ET kuma shi ne nisan fuskar da ke manne wa mota daga tsakiyar rim ɗin, a milimita. Na asalin motarka faɗinsa inci 6.5 ne, ET ɗinsa kusan 55. In naka 8 ne da 35, bakinsa na waje ya fito kusan milimita 39 fiye da na da, wato inci ɗaya da rabi. Ga bodi ya sauko, ga taya ta fito ta same shi. Gogar da kake ji ke nan. Abin dariyar shi ne kambar nan da kake kuka da ita ce ke ɓoye kan tayar a cikin bodi. Ranar da ka miƙar da ita, gogar za ta ƙaru. Shi ya sa nake cewa a auna rim kafin a sayi kayan gyaran kamba, kada a yi gyaran gangar Auzinawa.

Fitowar nan tana da wani kuɗin da ake biya a ɓoye. Tsakiyar tayar ya matsa waje da milimita 20, nauyin motar ya koma yana danna boris ta gefe, kuma duk ramin da taya ɗaya ta faɗa sai ka ji ya fizgi sitiyari a hannunka fiye da da.

Rawar da take yi a gudu 100 kuma, kafin ka zargi kowa duba abu uku. Ramin tsakiyar rim ɗin Honda milimita 64.1 ne, yana zama cif a kan cibiyar ƙafar. Rim ɗin ado ana yi masa rami babba don ya shiga motoci da yawa, galibi 73.1. In ba a sa zoben da ke cike wannan gibin ba, da wuya rim ɗin ya zauna a tsakiya, kuma ko sau goma aka yi balansin rawar ba za ta tafi ba. Na biyu noti. Notin Honda na asali gindinsa zagaye ne kamar ƙwallo, rim ɗin ado kuma yawanci raminsa mai gangara ne kamar mazurari. In aka ɗaura na asali a kan na ado, a kan siririn layi kawai suke haɗuwa, yana iya kwancewa a hanya. Wannan ba maganar rawa ba ce kawai, maganar rai ce. Ka tabbata kowane noti ya shiga aƙalla zagaye 8 kafin ya kama, a ɗaure shi a ma'aunin 108 Nm na sifana mai awo, ba yaro ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle ba, sannan a sake bi bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Na uku, a juya rim ɗin a kan injin balansin ka sa ido a bakinsa na ciki. Can ne yake lanƙwashewa, inda ba a gani.

Lanƙwashewar kuwa ba ta da wuya da tayar da ka sa. Tayar asali 205/60 a kan inci 16, kaurin gefenta milimita 123 ne. Taka 225/40 milimita 90 ce. Wannan gefen shi ne katifar farko tsakanin rami da ƙarfe, ka rage fiye da rubu'insa. Tsayin tayar gaba ɗaya ma ya ragu daga kusan 652 zuwa 637, ke nan motar ta ƙara sauka milimita 7 ko 8 ba da saninka ba, kuma agogon gudu yana ƙara maka kusan kashi 2 cikin ɗari. Sai kuma mai faci ya ga taya siririya ya ɗura mata iska 50 wai don kada ta fashe. Duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ka ɗora 2 ko 3 a kan abin da ta ce, kuma da safe ake aunawa kafin rana ta gasa kwalta. In tayar 'yar Beljiyam ce, duba lamba huɗu na ƙarshe bayan harufan DOT da ke rubuce a gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Hanyoyin da ke gabanka

Mafi araha ita ce wadda ka ce ba ka so: ka sayi sifirin na asali 'yan Beljiyam guda huɗu, ka mayar, a yi alaimen na ƙafa huɗu, ka bar rim ɗinka in bai fito da yawa ba. Kamba za ta koma wurinta da kanta. Manyan rim a kan tsayin asali ba su da muni kamar yadda samari ke zato, musamman in ka koma 225/45, wadda ta fi cika ramin bodi kuma ta ba ka kaurin milimita 101.

Ta biyu ita ce wadda zan zaɓa maka in har sai an sauke. Akwai sifirin da aka ƙera musamman don saukarwa, irin na Eibach, H&R ko Tein. Yawancinsu suna sauke mota tsakanin milimita 25 zuwa 40, an ƙara musu tauri daidai da tazarar da suka rage, bakinsu kuma yana zama a mazauninsa. Ka haɗa su da shokozoba masu rai. A wannan tsayin kambar gaba takan tsaya inda za a iya zama da ita in to-in ya yi daidai. Baya ne ke buƙatar taimako, kuma maganinsa hannun sama mai zare da ake tsawaitawa ko a gajarta, guda ɗaya kowane gefe. Na gaba kuma boljoyin ne na sama mai zamewa, ko hannun sama gaba ɗaya. Sai dai a kula, wasu daga cikinsu sun fi na asali tudu, in motar ta yi ƙasa da yawa suna dukan bodi ta ciki. Ba kayan da za ka shiga kasuwa ka ɗauka a nan ba ne. Sai an tambaya a Ladipo ta Legas, Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, wani lokacin ma sai an yi oda daga waje, kuma jabu sun fi na gaske yawa. Hannun da zarensa ya kwance a gudu 120 ya fi kamba sharri nesa ba kusa ba.

Ta uku ita ce shokozoba mai haɗe da sifirin da ake murɗa tsayinta yadda ake so. Mai kyau tana da tsada, mai araha kuma ƙurar hunturu da ruwan Agusta suna cinye zarenta ta kafe a shekara guda. Ban cika ba mutanenmu shawararta ba.

Akwai ta huɗu da wani zai kawo maka, don haka gara ka ji ta daga bakina: a gasa ƙarfen ƙafar a lanƙwasa, ko a yanke hannu a ƙara masa tsawo da walda, ko a fafe ramin kusa. Kada ka yarda. Waɗannan ƙarafan su ke riƙe da tayar a jikin mota, kuma ƙarfen da aka gasa ba ya sallama kafin ya karye.

Ga masu Corolla ko Camry da ke karanta wannan, naku ya ɗan bambanta. Gabanku shokozoba ce ke riƙe da kan ƙafar da kusa biyu, kambarku ba ta gudu sosai in an sauke, kuma ana samun kusa ta musamman mai ciki a karkace da ke gyara ta. Bayan yawancin Corolla kuwa gatari ɗaya ne, ba shi da wurin saiti.

Game da nawa za a sauke, ra'ayina ke nan, kana iya ƙin sa. EOD tun daga kamfani tazararta da ƙasa kusan santimita 15 ce, ba doguwa ba ce. In yawonka bai wuce Ahmadu Bello Way da Gesse ba, milimita 30 za ta yi maka ado ba tare da ta hana ka barci ba. In kana shiga lungunan Badariya ko Bayan Kara da damina, ko kana bin hanyar Kalgo zuwa Bunza da kaya, ko zuwa ƙauye ranar biki da mutum biyar, to duk abin da ya wuce haka kwanon baƙin mai da salansa ne za su biya. Da motata ce, rim mai inci 17 zan sa da taya 215/50, wadda tsayinta ya kusa na asali, ET kuma kada ya gaza 45.

Yadda za a jera aikin

Tsayi ake fara yankewa, a sa sifirin da shokozoba. Sai a bi ƙafar gaba ɗaya da ƙarfen banƙara: tayarod na ciki da na waje, boljoyin sama da ƙasa, bushin, boris. Duk abin da ke da wasa a canza shi, don ba a saita abin da ke motsi. A sassauta kusoshin bushin a sake ɗaure su motar na kan ƙafarta. A daidaita maganar rim, zobe da noti. Ka hau ta kwana uku ko huɗu sifirin ya zauna. Sannan ne, a ƙarshe, za ka je gadon alaimen, da iska daidai a taya huɗu, but babu kaya, kuma da tayoyin da za ka ci gaba da hawa. A fara da baya. Ka nemi kambar gaba kada ta wuce digiri 1, ta baya kada ta wuce 1.5, hagu da dama kada su bambanta da fiye da rabin digiri, to-in na gaba sifili, na baya ɗan kaɗan ciki kamar na kamfani. Ka ɗauki hoton allon kafin a taɓa da bayan an gama.

In an gama duk wannan tana ɗan zamewa dama a hankali in ka saki sitiyari, ba lallai laifi ba ne, titi ake yi da gangara wajen kwata don ruwa ya sauka, mu kuma dama muke bi. In jan da ƙarfi ne, musanya tayoyin gaba biyu ka gwada. In ya koma hagu, taya ce. Sai dai in tayarka mai kibiya ce a gefe, gwaji kawai za ka yi ka mayar da ita yadda take.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya, ga awon da za ka yi gobe da safe a kan siminti mai shafe. Auna daga tsakiyar kowane rim zuwa bakin bodin da ke samansa, ƙafa huɗu, ka rubuta. Sannan ka ɗaura ƙaramin noti a bakin zare ka rataya shi a gefen tayar, ka auna daga zaren zuwa bakin rim na sama da na ƙasa. A rim mai inci 18, duk bambancin milimita 8 kusan digiri 1 ne na kamba. Turo mini waɗannan lambobin, da abin da aka buga a bayan rim ɗin, da hoton notin da aka ɗaura maka, sai in faɗa maka ko rim ɗin zai zauna ko sayar da shi za ka yi. Tayoyin bayan nan da waya ta leƙo kuwa, cire su yau, ko da na asalin za ka mayar kafin kaya su iso.